Gemun Baba Baharamu

Ni Mati, wanzami ɗan wanzami daga Bakori, in aka tambaye ni abin da ya kai ni Masar sai in ce ban je ba, ajiye ni aka yi. Karatun bokona bai wuce aji uku ba, shi ma malamin ne da kansa ya je ya roƙi babana a cire ni don sauran yara su samu su yi karatu. Saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya yi haƙuri, hannun aska ne. Abu ɗaya na yi a Alƙahira da nake so a sani: na nemo wa wani tsoho Ba'iraniye 'yan gaisuwa. An kashe masa jika a ƙasarsu, yana zaune shi kaɗai, ba shi da ko mutum ɗaya da zai tako ya ce masa ya haƙuri. Amma kafin in kai gare shi sai na bi ta inda na bi.

Wani dillalin biza ne ya ce zai kai ni Makka askin alhazai. Ya ce ranar da aka sauko daga jifa kawuna ne birjik kamar gonar kankana, wanzami sai ya gaji da karɓar kuɗi. Ya ce ta Masar za mu bi, ta fi sauƙi. Da muka sauka a filin jirgin Alƙahira ya zaunar da ni kan wani benci, ya ce in riƙe zabirata da kyau, zai je ya karɓo tikitin Jidda. Ina jin layin tikitin ne da tsawo, don har yau bai dawo ba.

Wani baƙin mutum mai shara ne ya gaji da ganina a bencin, ya sa ni a mota zuwa Ard al-Liwa, unguwar da baƙaƙen fata suka cika, ya damƙa ni hannun Hajja Zahra'u mai shayi. Bahaushiyar Sudan ce, Hausarta duk Larabci ya shiga cikinta. Da na ba ta labarina sai da ta ajiye buta don dariya. Ta ce kakanninta ma Makka suka nufa a ƙafa daga Haɗeja, suka tsaya hutawa a Sudan, har yanzu hutawar ake yi. Ta ce, "Wanzam, kai ɗan gidanmu ne." Ita ta samo mini wani ɗaki ƙarƙashin matattakalar bene. In na miƙe tsaye in bugi siminti, in na kwanta in ji takun duk wanda ke gidan a kan ƙirjina.

Garin nan mutane ne kamar a taka wani, amma ban taɓa zama ni kaɗai irin na can ba. A Bakori daga gida zuwa tasha sai rana ta ɗaga saboda gaisuwa. A Alƙahira na taɓa tare wani mutum da ɗan Larabcin da na tsinta, na tambaye shi gida da iyali da gajiya, sai ya dafe aljihunsa ya tsallaka titi. Wani lokaci nakan zauna a ɗakin in gaishe da kaina, in amsa, in tambayi kaina ya yara. Ban taɓa samun mai gaisuwa mai ladabi kamata ba.

Daga baya na gano Hayyin Ashir, inda ɗaliban gida suke karatun addini. Na ɗauka kasuwa ta buɗe, ashe yaran yanzu inji suke so, mai kuka kamar sauro, wai aska tana sa musu ƙuraje. Ƙaho ne ya cece ni. Wani babban ɗalibi, Ustaz Nafi'u, mutumin Gusau, mai mata da 'ya'ya, wanda ya daɗe a can har furfura ta fara fito masa, shi ya ce in daina cewa ƙaho, in riƙa cewa hijama, sunna ce. Ƙahon dai shi ne, jinin shi ne, amma daga ranar aka fara kirana Malam Mati. Takardar zamana kuwa, wadda suke kira iƙama, tuni ta mutu. Na koyi tafiya a jikin bango, na koyi kauce wa duk inda mutane suka taru, don a garin nan taro ba ya ƙarewa da alheri ga mai takarda ma, balle ni.

Ina cikin ƙaramar bas aka bugo mini waya cewa yayana Ado ya rasu, har an kai shi. Shi ya koya mini riƙon aska. Na rasa wanda zan gaya wa, sai na juya na gaya wa na kusa da ni. Ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, sannan ya miƙo mini kuɗin motarsa in miƙa gaba. Na miƙa. Na koma ɗaki na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa na zauna kwana uku, masu hawa bene suna tsallake ƙafata. Hajja tana asibiti a lokacin, da 'yarta mai haihuwa. Ban gaya wa kowa ba kuma.

Zamalek kuwa ƙaho ne ya kai ni. Unguwar manya ce a tsakiyar kogi, ofisoshin jakadanci ko'ina, ɗan sanda a kowace kwana. Maigadin wani bene ya ji labarina, ya kira ni in duba wani tsoho mai ciwon baya. Shi ne Bahram, ni kuma bakina ya mayar da shi Baba Baharamu. Ya bar Iran tun yana da baƙin gashi, ya auri Bamisiriya, ta rasu ta bar shi. Yana da ɗan shago inda yake gyaran tsofaffin dardumai, duk da hannunsa ya fara rawa. Da ya ga askata sai ya manta da bayan. Ya ce tun barinsa gida bai ga irinta ba, ya zauna kan kujera bakin taga ya miƙo haɓa. Daga nan na zama wanzaminsa, Talata da Asabar. Yana kirana Usta, kamar yadda Misirawa ke kiran mai sana'a. Larabcinsa na littafi, nawa na tasha, amma muna fahimtar juna. Yakan ce shayina kamar ruwan wanki, in ce masa kansa kamar ƙwan jimina, ban san me yake biyana in aske ba.

Lokacin ne ƙasarsu ta rikice. Wata yarinya ta mutu a hannun masu tsaro, mata da samari suka fito kan titi, aka shiga harbinsu. Ina gani a talabijin ɗin gidan shayi kamar kowa, ina kurɓar shayina.

Wata Asabar na iske ƙofarsa a buɗe. Yana zaune a kujerar aski, fuska ga taga, da baƙar riga, gemu ya yi toho fari. Na yi sallama bai amsa ba, na ce yau kuma sarautar ce ta motsa. Na ɗaura masa ƙyalle, na shafa sabulu ina ta zuba, ina ce masa in ustazanci yake so ya fara ya makara. Bai motsa ba. Na ɗora aska daga gindin kunnen hagu na sauko da ita har rabin kunci. Sai ya cafke mini wuyan hannu, da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya daɗe yana kallona kamar yanzu ya ga shigowata. Sannan ya ɗauko waya ya nuna mini hoton wata yarinya tana dariya, da kyanwa a kafaɗarta.

"Roya," ya ce. "'Yar 'yata. Sun kashe ta."

Na tsaya da aska a hannu, sabulu yana ɗiga. A garinmu namiji ba ya barin gemu don mutuwa, wani ma ranar yake zuwa a kwashe masa kai. Ina zan sani? A hankali ya yi mini bayani. A wajensu in an yi wa mutum rashi sai ya sa baƙi, aska ba ta taɓa fuskarsa har arba'in. Ranar arba'in dangi da abokai su zo, su kawo masa riga mai launi, su cire masa baƙar da hannunsu, su kai shi wurin wanzami. Mutum ba ya fitar da kansa daga makoki, fitar da shi ake yi. Na ce to Allah ya kai mu, su wa za su zo? Ya kalli taga.

Sauran labarin a guntu-guntu na same shi. Yarinyar ɗaliba ce, ta fita da ƙawayenta, aka harbe ta a titi. Da aka ba iyayen gawar sai aka ce su binne da asuba, da sauri, ba taro, ba kuka da ƙarfi, masu bindiga na tsaye a kansu suna cewa a yi a gama. Aka kuma ce in an tambaye su su ce rashin lafiya ce. Uwar yarinyar in ta samu layi ta kira ubanta, sai ta yi ta ba shi labarin sanyi da tsadar tumatir, don ta san ana saurare. 'Yan ƙasarsu da ke Alƙahira ba su da yawa, kuma kowa na tsoron kowa, don kowa yana da nasa a gida da za a iya taɓawa. Dangin matarsa sun watse tun bayan rasuwarta.

Na ci gaba da zuwa Talata da Asabar ba abin askewa. In zauna in wasa aska a fata, in mayar da ita zabira. Gemun ya cika, sai wajen da na share ya zama gajere, kamar hanyar awaki a cikin ciyawa, kullum yana kallona. Arba'in ta zo ta wuce, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Shagon yana rufe. Burodin da maigadi ke kawo masa yana bushewa a leda. Rigar ta fara yi masa yawa. Na ce masa, Baba, ni in cire maka mana. Ya ce Usta, kai wanzami ne, wurinka ake kawo mutum, ba kai kake kawowa ba. Na ga tsohon nan in ba a zo ba a cikin baƙar rigar za a ɗauke shi.

Sai na shiga nemo masa 'yan gaisuwa. Na fara da Ustaz Nafi'u, na kuma zaɓi lokacin da yake kwance rub da ciki da ƙahona huɗu a bayansa, don kada ya gudu. Da na gaya masa buƙatata, ya ce na san aƙidar mutanen can kuwa? Na ce, "Ustaz, ba cewa na yi ka bi shi salla ba. Gaisuwar mutuwa na ce." Ya ce maganar akwai siyasa a ciki, su kuma karatu ya kawo su, in aka ga baƙaƙe suna shiga gidan Ba'iraniye a Zamalek a irin wannan lokaci, tambaya za a yi, kuma ni za a fara tambaya, ni da ba ni da ko takardar tsire. Wannan gaskiya ya faɗa. Wani ɗalibi da ke jiran layi ya sa baki, ya ce ai Iran ita kaɗai ke tsaya wa Turawa, yaran da ke fitowa zuga su ake yi daga waje.

Ni ma a Bakori na sha tafa wa ƙasar in na ji a rediyo ta murza wa manya gashin baki. Ban san siyasar duniya ba, ko taswira aka ba ni a juye zan riƙe. Amma na ce masa abin da na sani. Na ce hukumar da za ta harbe maka 'ya a titi, ta tsaya a kanka da bindiga kana binnewa, ta hana ka kuka, sannan ta sa ka yi wa gawar ƙarya, ko da wa take faɗa a waje, a cikin gida azzaluma ce, kuma ni ina tare da waɗanda aka hana kukan. Ustaz ya ce in cire masa ƙahon haka nan, zai yi tunani.

Hajja Zahra'u ba ta tambaye ni aƙida ba. Tana jin labarin ta rage wutar risho ta zauna. Ta ce ɗan ƙanwarta ma haka ya fita titi a Khartum da tuta a wuya, a kogi aka tsinto shi. Ta ce in samo gero, ba a zuwa gaisuwa hannu biyu, za ta daka gumbar sadaka. Gero a Alƙahira sai a shagon masu abincin tsuntsaye. Mai shagon ya ga yawan da na saya ya tambaye ni tsuntsu nawa gare ni. Na ce guda ɗaya ne, tsoho, ya daina ci. Riga kuwa na duba kayana, ba ni da mai launi ta kirki sai kaftani ɗaya ruwan bula, na kai aka goge.

Ranar Talata bayan la'asar muka tafi, ni da tabarma a hammata da zabira a kafaɗa, Hajja da ƙwaryar roba a ka. A kwanar gidan wani ɗan sanda ya ɗaga mana hannu, ya nuna zabira. Hajja ta tari gabansa da Larabci kamar ruwan sama, tana nuna ni tana nuna kanta, har ya yi dariya ya ce yalla, mu wuce. Da na tambaye ta me ta ce masa, sai ta ce ta gaya masa mijinta ne ni, kurma, kuma ba shi da cikakken hankali. Na ce rabin maganar dai ba a yi mini ƙarya ba.

A gindin matattakala muka iske Ustaz Nafi'u tsaye yana duba waya, shi da wasu magidanta biyu 'yan Nijar. Ya ce hanya ce ta biyo da su. Daga Hayyin Ashir zuwa Zamalek mota biyu ce da jirgin ƙasa, amma na shige gaba suka biyo ni. Maigadi ya ga haka ya kulle ɗakinsa ya biyo mu.

Falon Baba Baharamu shimfiɗe yake da dardumar da ta girme ni, wadda in aka sayar za ta sayi layinmu na Bakori. Na baza tabarmar robata a kanta, don ni ban san zaman makoki ba tabarma ba. Na kamo hannunsa na sauko da shi daga kujera na zaunar da shi a tsakiya. Yana ta kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Muka cire takalma, muka durƙusa, muka yi masa irin ta gida. Ya haƙuri, Baba? Ya ƙarin haƙuri? Ashe abin da ya faru ke nan. Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta. Ustaz yana mayar masa da Larabci. Tsohon ya tambayi me ake amsawa, na ce ya ce haƙuri da godiya. Ya gwada, ta fito a karkace, ba wanda ya yi dariya sai ni, kaɗan.

Hajja ce ta ce ya ba mu labarin yarinyar. Sai ya ce a buɗe taga. Ya faɗi sunanta da ƙarfi, da sunan uwarta, da na garinsu. Ya ce likitar haƙori take son zama, takan sa ya buɗe baki a gaban waya ta ƙirga abin da ya rage masa tana yi masa tsiya. Ya ce ba rashin lafiya ba ce, harbe ta aka yi, ya maimaita har sau uku kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Sannan ya ce bai taɓa riƙe hannunta ba. Bayan barinsa gida aka haife ta, a gilashin waya kawai ya santa. Daga nan kukan ya zo, irin na tsofaffi, mai fita da ƙyar. Hajja ta ja mayafi ta rufe fuska tana nata. Ni ma na samu gefen tabarma na yi kukan Ado da nake bin kaina. Ustaz ya ɗaga hannu ya yi addu'a doguwa, ya roƙa wa yarinyar rahama, ya roƙa wa duk waɗanda ke tsare da waɗanda ake nema mafita. Aka raba gumba. Tsohon ya gutsura ya tauna, ya ce wannan wane irin hukunci ne, ya ƙara gutsura.

Ustaz da maigadi ne suka cire masa baƙar rigar, suka zura masa kaftanina. Ya tsaya a ciki kamar sanda a buhu. Suka kama shi hagu da dama, suka taka da shi taku huɗun da ke tsakanin tabarma da kujera, suka ce Usta, ga shi mun kawo maka. Na sa almakashi tukuna, sannan aska. Ban yi surutu ba, karo na farko a sana'ata. Fuskar da ta fito daga ƙarƙashi ta yi rabin wadda na sani.

Da na gama na tattara gashin a ƙyalle na ƙulle. Da can toho ne kawai, yana bin ruwan sabulu, wannan ne karo na farko da na kwashi gashi na sosai a gidan. Ya ce ga kwandon shara can. Na ce a'a, mu a wajenmu ba a zubar da gashin mutum a shara, wani yanki ne na jikinsa, rami ake tonawa a binne. Ya dubi ƙullin da ke hannuna.

"Binnewa," ya ce. "A ƙasa?"

Na ce a ƙasa. Ya miƙo hannu biyu na ɗora masa.

A bayan benen akwai wata 'yar ƙasa gindin bishiya, ba ta fi faɗin tabarma ba, tsakanin bango da inda ake ajiye motoci. Muka sauka gaba ɗaya, yana gaba da ƙullin a ƙirji. Maigadi ya kawo guntun ƙarfe zai tona, tsohon ya ce a bar shi. Ya durƙusa da kaftanin, ya tona da yatsunsa, ya kwantar da ƙullin, ya yi magana da harshensu wadda ba mu ji ba. Muka yi sahu a bayansa, mu shida, ba wanda ya san yarinyar. Motoci suna wucewa ta titi, rana tana sauka bayan gidaje. Ya riƙa ɗibar ƙasar da hannu yana zubawa kaɗan-kaɗan, in ya zuba ya tsaya, ya sake ɗiba. Da ramin ya cika ya shiga daddaɓa wurin da tafin hannu, a hankali, yadda ake yi wa bayan yaro don ya yi barci. Ya daɗe yana yi. Babu wanda ya ce masa ya yi sauri.